Amfilifayar da Ta Fi Ƙarfin Wutar Garinmu

Har yau in warin hayaƙin banda ya bugi hancina, muryar Kaka Ige nake ji. Ita ce ta haifi babana. Ƙauyenmu yana bakin tafkin Kainji, tafiyar awa guda a ƙafa daga Warra, kuma ban da kamun kifi ba mu da wata sana'a. Maza su fito da kifi, mata su feɗe su jera a kan banda, sai a bar wa Kaka tsaron wuta bayan sallar isha'i. Wutar banda ba a juya mata baya. In ta yi yawa kifi ya ƙone, in ta mutu ya lalace. To, nan muke kewaye ta, mu jikoki, kowa na fakon kan tarwaɗar da zai faɗo.

Ni ne abokin wasanta. "Maigidana" take ce mini, ni kuma in ce mata "amarya". In ta kama ni ina miƙa hannu kan banda sai ta ɗaga muciya ta ce, "Ku duba min miji! Ba cefane, ba sabulu, sai satar kifin matarsa."

Ba a wannan ƙauyen aka haife ta ba. A wani gungu take, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, har ta yi aure. Sai aka zo aka ce su tashi, za a tare ruwa a yi wutar lantarki, kowa zai ga haske. Suka kwashe abin da jirgi zai ɗauka, ruwa ya ci sauran. Wani lokaci takan nuna tsakiyar tafkin da itacen hura wuta ta ce, "Can ƙasa dutsen niƙana yake." Turakun wuta kam an kafa mana, waya ta ratsa garin, amma a yi wata biyu ƙwan lantarki bai kama ba. Da fitilar aci-bal-bal Kaka ta tsufa, a bakin ruwan da ke haska biranen wasu.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga ta nan, ta taso daga tsallake, jiƙe sharkaf." Mu amsa, "Ta zo ta ji ɗumi mu ji ta." Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ta mai babban jirgi ce muka fi roƙo.

Wai wani saurayi ne da uwarsa. Tsakanin gidansu da gonarsu akwai ɗan rafi siriri, kullum uwar sai ta ratsa shi da ƙafa, ruwa iya ƙugu. Ta tara 'yan kuɗinta ta ba shi ya sayo musu jirgi. Masassaƙi ya nuna masa wani ƙarami, mara kyan gani, ya ce wannan ne daidai da rafinsu. Shi kuwa idonsa ya faɗa kan wani ƙato mai zane a baki. Masassaƙi ya ce, "Yaro, ruwan ƙofarku ba ya ɗaukar wannan." Ya ce ai ruwa zai zo. Mutum goma suka jawo masa shi har gida, 'yan mata na guɗa. Jirgi ya zauna kan yashi, kaji suka mai da shi akurki, uwar ta ci gaba da ratsa rafi da ƙafa. Shi kuma ya hau ciki yana waƙa. Ran da ruwan ya zo, a dare ɗaya ya zo, uwar tana gona. Jirgi ya tashi, amma jirgin mutum goma ne, mutum ɗaya ba ya tuƙa shi. Ruwa ya yi gaba da shi yana kallon uwarsa tsaye a tsallake.

A wurin waƙar ne Kaka ke sassauta murya:

"Ruwa zo, ruwa zo, jirgina na kan yashi,
Inna tana tsallake, rana tana faɗuwa."

Sai ta tsaya nan ta gyara itace. Mu ce, "Kaka, sauran fa?"

"Sauran na tsirkiya ne," in ji ta. "Kakanku shi ka kaɗa ta da gurmi can gungu, ni in bi shi. Baki kaɗai bai ɗaukar sauran. Ran da maigidana ya kawo min tsirkiya, sai in ƙarasa." Gurmin nan a rataye aka manta shi ranar tashi, kakanmu kuma ya rasu tun ba a haife ni ba. Daga nan sai ta rufe, "Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Wanda bai ƙoshi ba ya tambayi ruwa." Mu watse muna yi wa mai babban jirgi dariya, ni ne ma mai ƙarar dariyar.

Da na je sakandare a Yelwa na haɗu da Yohanna, wani Bakambare mai kaɗa jitar katako a cocinsu. Shi ya koya mini. Gurmi kuwa a lokacin raina shi nake, wai kayan tsofaffi. Abin da na fara nema a kan jitar shi ne muryar waƙar Kaka, na kuwa samo ta. Wani hutu na aro jitar na kawo gida, amma kafin nan kunnen Kaka ya yi nauyi. Na zauna gabanta na kaɗa iya ƙarfina. Ta zuba wa yatsuna ido ta ce, "Maigida, ina ganin hannunka na motsi kamar mai tsintar shinkafa, amma ban ji komi ba."

Ranar na ƙudura sai na sayi jita mai wuta. Na yi kaka guda ina bin jirgin masu kamun ƙananan kifin da ake kira warangi, na tara abin da na tara, bai kai ba. Kaka ta sa aka kai akuyarta kasuwar Warra. Inna, mahaifiyata, ta yi faɗa sosai, ta ce kowa ya san akuyar nan ta likkafani ce. Kaka ta ce, "Likkafani ba a rasa mai saye. Waƙa ce ba ta da mai saye." Ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta miƙo mini.

Yohanna ya raka ni shagon wani dattijo a Yelwa, Malam Bitrus, mai gyaran lasifikar masallatai da coci-coci, yana kuma sayar da kayan kiɗa na hannu. Wallahi mutumin nan bai cuce ni ba, kada Allah Ya sa in ɗora masa. Da na miƙa hannu kan wata jar jita mai ƙyalli, sai ya karɓe ya sa idonsa ɗaya a gindinta kamar mai duba gora, ya ce wuyanta ya lanƙwashe. Ya ɗauko wata baƙa duk ƙarzuna. Ya nuna mini wuyan a miƙe yake, tsirkiyoyin ba su yi nisa da katako ba balle su yanka yatsa, kunnuwan ɗauri suna riƙewa, in an murɗa maɓallan ba sa ƙarar yashi. Ya ce fenti ba ya kiɗa. Na ji maganarsa na ɗauki baƙar, kuma har yau ba ta ba ni kunya ba.

A kan amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa jita murya, shaiɗan ya hau kaina. Guda biyu ne kuɗina za su iya kaiwa. Ɗaya 'yar ƙarama, ba ta fi kwanon awo ba, tana aiki da batir irin na rediyo, har da ramin sa abin ji na kunne. In na ɗauke ta, canji zai ragu na batir da tsirkiyar ajiya. Ɗayar ƙatuwa ce, ta kai mini gwiwa, sai da wutar soket, kuma za ta lashe kuɗin tas. Malam Bitrus ya tada janareto ya haɗa mini ita. Na taɓa tsirkiya ɗaya, sai da kwanon rufin shagon ya amsa, masu babur suka tsaya suna leƙe. Kai! Na ji kaina ya yi girma.

"Akwai wuta garinku?" in ji Malam Bitrus.

"Ana kawowa."

"Ban ce ana kawowa ba. Yau da ka fito, akwai?"

Na ce kakata ce ba ta ji sosai, dole sai mai ƙara. Ya ce in don ita ce, ƙaramar ce maganinta, in ɗora mata a kafaɗa ko in sa mata abin ji a kunne. Yohanna ma ya ja rigata. Gaskiyar da ban faɗa musu ba ita ce, ba Kaka nake gani ba a lokacin. Kaina nake gani a dandali, 'yan matan garinmu na nuna ni. Na ce ƙatuwar nake so. Dattijon ya girgiza kai ya naɗe mini wayar.

Mutum biyu suka sauko da ita daga mota, yara suka biyo mu har gida suna ihu. Na tarar babu wuta, wai taransifoma ta ƙone tun shekaranjiya, ana ta cewa gobe za a zo gyara. Kaka ta fito ta shafa akwatin tun daga sama har ƙasa.

"Wanga lefena ne, maigida?"

Na sa baki a kunnenta na ce shi ne zai sa ta ji kiɗan.

"To, mi yake jira?"

"Wuta."

Ta yi dariya har da tari. "Wuta," ta ce. "Mu ma ita munka baro gida muna jira." Can ta ce, "Mutum nawa sunka ɗauko maka shi?" Na ce biyu. Ta ce, "To, da sauƙi. Na tatsuniya goma ne." Na gane sarai abin da take nufi, na yi kamar ban ji ba.

Abin da ke cin raina har gobe shi ne akwai mafita, ba ɗaya ba. Yohanna ya aiko cewa Malam Bitrus ya yarda in mayar in karɓi ƙaramar. Na ƙi. Yaya zan fita da akwatin da duk gari ya ga shigowarsa, in dawo da kwanon awo? A Warra kuma akwai mai ba da hayar janareto, kuɗin bai fi na daro ɗaya na kifi ba. Ban da ko sisi, kuma girman kai ya hana ni roƙon Inna bayan faɗan da ta yi. Na ce bari in koma ruwa in samu. Na samu kuwa, sai na ce me zai sa in biya haya alhali gobe za a kawo wuta? Na jona amfilifayar a soket ɗin ɗakina, na kunna ta, na haɗa jitar na jingina ta a jikinta, don da an kawo in sani. Kullum da yamma Kaka ta tambaye ni, "Maigida, ruwan ya zo?" In ce, "Gobe, amarya." Sati uku ina gaya wa tsohuwar nan gobe.

Zazzaɓin kwana biyu ta yi. Ranar Laraba bayan asuba Allah Ya karɓi abarsa. Baffana ne ya sayi likkafanin, bai ce mini komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, maza na zaune kan tabarmi a ƙofar gida, liman ya ɗaga hannu ana addu'a, aka kawo wuta. Na manta sam da abin da na bari a kunne. Amfilifayar ta ɗauki gunjin tsirkiyoyin da ke jingine da ita ta saki wata ƙara mai tsawo, mai huda kunne, kamar ana yanka saniya a cikin ɗakina. Awaki suka tsinke, mata suka yi salati, liman ya tsaya tsakiyar addu'a. Na tsallake mutane da gudu na fizge wayar. Da na juyo sai ga Inna a bakin ƙofa, idonta jawur. Ta ce, "To, ga ta nan ta zo. Kaɗa mata mana." Wutar nan kwana huɗu ta yi ba a ɗauke ba, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

Shekaru sun ja. Yanzu ina kiɗa a bukukuwa daga Yelwa har Shanga, da 'yar ƙaramar amfilifaya mai batir da na koma na saya a wurin Malam Bitrus. Samari kan zo su ce in raka su sayen jitar farko. Ina nuna musu yadda ake duba wuya da tsirkiya da maɓallai, sannan in yi musu tambayar da aka yi mini: yau da ka fito, akwai wuta gidanku? Wasu su ji, wasu in ga idonsu ya riga ya tafi kan ƙatuwar, in ji kamar in kwaɗa musu mari.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan ta wawa ce, shi ya sa nake dariya. Yanzu na san yaron ba wawa ba ne. An gaya masa gaskiya ya ji, ya dai fifita guɗar 'yan mata a kan ƙafar uwarsa. Na kuma daɗe ina tunanin ko Kaka da kanta take, ita da duk mutanen gungu da aka ce su ba da gida su jira haske. Ban tambaye ta ba, kamar yadda ban tambayi abubuwa da yawa ba.

Na bi tsofaffin da suka rage daga gungun, har Ngaski na je. Wasu sun tuna muryar waƙar, ba wanda ya tuna sauran baitin. Ƙatuwar amfilifayar tana nan a zaure, ban sayar ba, kazar Inna ce ke ƙwai a bayanta. Wani lokaci in an hura banda nakan ɗauko baƙar jitar in zauna inda Kaka ke zama. In kaɗa layi biyun nan, har "rana tana faɗuwa", sai in ɗora tafin hannu kan tsirkiya. 'Ya'yana su ce, "Baba, sauran fa?"

Sai in tashi in gyara itace.