Hayaƙin da Ba na Fadamata Ba

A safiyar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran Lachlan MacAffer, wanda muke kira Lachie, a gidansa da ke kudancin tsibirinmu na Islay, yana da shekara tamanin da ɗaya.

Lachie, shekara talatin muka yi a gidan sarrafa barasar wiski ɗaya. Kai ke busar da sha'ir da hayaƙin baƙar ƙasar fadama, wadda muke yankawa kamar tubali mu shanya domin wuta. Ni kuwa aikina shinshina abin da ke cikin ganguna. Ba mu taɓa daina gardama ba. Ni na fifita wiskin da hayaƙinsa ke da laushi, mai ƙamshin zuma da busasshen fure. Kai kuma sai mai gishiri, mai warin kwalta da igiyar jirgin ruwa. Na ce maka wannan maganin ciwo ne.

"Malama," ka ce, "naki ai shayin tsofaffi ne. A sa miki madara?"

Bayan rasuwar mijina, ɗana Ruairidh ya kafa mini sharaɗi: duk shekarar da na kasa tara tubalin wutata da kaina, zan bar gidana in koma wurinsa a Glasgow. Ka zo da wuƙar yankanka za ka taya ni. Na kore ka daga ƙofa, na ce ban nemi sadaka ba.

Gwiwoyina sun gaza, amma tarin da ke bayan gidana bai taɓa gazawa ba. Ranar da na fara hura wutar hunturu na gane dalili. Fadamata tana kan tudu, hayaƙinta zaƙi gare shi. Wannan kuwa gishiri ne da ciyawar teku, kuma fadama ɗaya ce a yankinmu ke kallon teku: taka. Ka jera tubalan irin jerina, ka ɓoye sawun amalankenka, amma ka manta da hancin wadda kake yaudara.

Na tare ka bayan coci na ce, "Wutata tana warin magani."

"Tsufa ne, Malama. Hancin ya fara ƙarya."

Hunturu bakwai ke nan. Ruairidh yana zuwa, ya ga tari, ya koma. Girman kai ya hana ni furta kalma ɗaya, kai kuma ba ka taɓa tilasta mini ba.

Ga ta yau a rubuce, inda ɗana zai karanta, ko da za ta raba ni da gidana: na gode, Lachie. Saura tubali goma sha tara a tarin, kuma ban san yaushe na fara son wannan wari ba.

Allah ya jiƙanka, ya ba ka hutawa. Ya ba matarka Peigi da 'yarku Mairead haƙurin wannan rashi.

Ishbel MacTaggart