Rariyar Murja

Ka taɓa buɗe saƙo a gaban wanda ya ba ka shi? Na tambayi mutum goma sha biyu a Unguwar Rogo, goma sha ɗaya suka ce ai rashin kunya ne. Ta sha biyun ita ce Murja mai kayan miya.

Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, su Murja ke ƙullawa matafiya ƙasar Larabawa, inda 'yan Sakkwato ke aiki bakinsu na kewar miyar gida. Ba kayanta kaɗai ba, har saƙon mutane takan haɗa ta nema masa mai ɗauka.

Bara wani mai fara'a, wanda ko sunansa na gaskiya ba ta sani ba, ya kawo gwangwani uku a liƙe, wai yaji ne za a kai wa ƙanensa da ke can. Maƙwabciyarta Maimunat na shirin tafiya aikatau can. Ta ce jakarta ta cika. Murja ce ta matsa, har ta zauna kan jakar aka ja zif.

Ƙwayoyi ne a ƙarƙashin yajin, irin waɗanda ake shigowa da su ta iyaka a wuce da su inda ake saye da tsada. A filin jirgin can aka kama Maimunat. Har yau tana tsare. Murja ta je ta ba da shaida, ta sake komawa, mai fara'a dai ya ɓace. 'Ya'yan Maimunat biyu a kwanon Murja suke ci yanzu, kuma duk ranar da ƙaramar ta ce "Inna, ƙara mini," sai Murja ta tura mata nata tuwon.

Shi ya sa ta sayi rariya da faranti.

Rannan kawunta Mode ya kawo gwangwanin yaji za a kai wa ɗansa. Ta ɗauko wuƙa.

"Ke Murja, mi za ki yi?"

"Buɗewa, Kawu."

"Ni? Ni da na yanka ragon sunanki? Wanga gemu ya yi miki kama da na ɗan ƙwaya?"

"Gemu dai lafiya lau. Gwangwanin ne ban sani ba."

Ta zazzage shi a faranti, ta tankaɗe. Dukansu suka kama atishawa. Yaji ne zalla.

"To kin gani!" Ya ɗauke abinsa ya fita ko sallama babu. Shi ne na bakwai da ya yi fushi ya daina kawowa.

Murja ta share farantin. Yarinyar Maimunat na bakin ƙofa tana kallo, Murja ta kasa ɗaga ido.

Faranti ɗaya, rariya ɗaya, ba su kai kuɗin kwanon gero ba. In an miƙo maka saƙo gobe, ko na kawunka ne, ka buɗe a gabansa. Gwada, don Allah.