Amshin da Na Rera da Dandanci

Shekarun baya, lokacin ina aji na biyu a lise, wato babbar sakandare, a Gaya, ina da murya kuma na san ina da ita, wannan shi ne ciwona. Ko shara nake yi sai na rera waƙa yadda maƙwabta za su ji. Mahaifiyata takan ce in aka bar ni da tukunya tuwo zai ƙone, amma waƙar ba za ta yanke ba.

Mu ba 'yan asalin garin ba ne. Aikin lodin manyan motoci ne ya kawo mahaifina, don haka Dandancina, yaren 'yan garin, bai wuce na gaisuwa da tayin kaya a kasuwa ba. Ɗan abin da na iya ma a bakin ƙawata na tsince shi. Benci ɗaya muke zama a aji. 'Yar ƙauyen Tunuga ce, mahaifiyarta bandar kifi take yi, duk ranar kasuwa takan shigo gari da daro biyu ta zauna a bakin tasha inda direbobi ke saye. In ta tashi sai ta biyo gidanmu ta sha ruwa, ta ajiye wa mahaifiyata tarwaɗa biyu ko uku. Inna nake ce mata. Takan sa ni in faɗi sunayen kifaye da Dandanci, ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Yayana yana da wani aboki mai yin rap. Yana da ɗan sutudiyo bayan shagon aski, ɗaki ne da aka liƙa wa kwalayen ƙwai a bango, da ordinater guda, wato kwamfuta, da makirfo. Wata Asabar ya ce yana neman muryar mace don amshi, layi biyu kacal, da Dandanci. Na tambaye shi ma'anar. Ya ce kirari ne ga matan bakin kogi masu neman na kansu. Ban sake tambaya ba. Gaskiya ko cewa ya yi sunayen awaki ne zan rera, don tun da na ga makirfon hankalina ya tafi. Sau shida na maimaita, ya sa na'ura ta gyara muryar har ta koma siririya kamar ba tawa ba. Muka yi alkawari ba za a faɗi sunana ba saboda mahaifina.

Kafin sati biyu waƙar ta cika gari. Daga waya zuwa waya take tafiya, masu kabu-kabu suna sa ta, masu shayi suna sa ta. Ina wucewa ina jin muryata a bakin titi, ina tafiya ina yanga, ni kaɗai na san abin da na sani.

Wata rana muna wanki a tsakar gidanmu ni da ƙawata, sai amshin ya kuɓuce mini. Ta tsaya da sabulu a hannu ta dube ni.

"Ke ma? Kin san mi kike hwaɗi?"

Na ce ai kirari ne. Ba ta yi dariya ba. Ta fassara mini kalma bayan kalma, a hankali, yadda take koya mini darasi. Layin farko yana cewa matan banda ƙarni suke yi, ko kogin duka aka juye musu ba za su wanku ba. Na biyun ba zan rubuta shi ba. Ma'anarsa dai ba kifi kaɗai suke sayar wa direbobi a tasha ba, kuma ya kira su da sunan da ake kiran macen banza. Ta ce baitocin namijin ma duk haka suke, amma amshin ne ya fi ci musu rai, don shi yara ke iya riƙewa, kuma mace ce ta rera shi. Ta ce samari sun mai da shi abin tarbar matan Tunuga, da sun hango daro a kai sai su fara. Makon da ya wuce wani direba ya rera wa Inna shi a fuska yana miƙa hannu cikin daronta, mutane suna dariya. Tun ranar ba ta sake zama a tasha ba.

"Allah ya haɗa ni da yarinyar nan," in ji ta, ta ci gaba da cuɗa riga.

Na ce amin. Wallahi da bakina na ce amin.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kar ƙawata ta gane ni ce. Na daina waƙa gaba ɗaya, har mahaifiyata ta fara taɓa goshina tana tambaya ko zazzaɓi ne. In muna tafiya da ƙawata aka sa waƙar, sai in ɗaga murya in kawo zancen jarrabawa, ina satar kallon fuskarta. In ta yi shiru a aji sai in ce shi ke nan, an gaya mata. In ta yi mini murmushi sai in ce gwada ni take yi. Har maganata na canza, na koma yin ta ƙasa-ƙasa da kauri, wai kar ta yi kama da ta waƙar. Yanzu in na tuna dariya nake ba kaina.

Na koma wurin abokin yayana ina kuka, na ce ya goge. Ya ce ko ya goge ta ordinater, wa zai bi wayoyin Gaya da na ƙetaren gadar iyaka? Ya ce rap haka yake, in babu zagi ba mai saurare, manyan ma da ake ji daga waje uwar mutum suke zagi kuma ana sayen kayansu. Wai shi ba da kowa yake ba, kalmomin ne suka hau kiɗan. Na tambaye shi me ya sa ya ce mini kirari ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce da ya faɗi gaskiya ai ba zan yi ba. Ina fita ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, in dai ban ɓata masa rai ba sunana ba zai fita ba. Na dawo gida da tsoro biyu maimakon ɗaya.

Ana haka yayar ƙawata ta haihu, aka gayyace mu suna a Tunuga. Na ce kaina na ciwo. Mahaifiyata ta ce ko a kan gadon asibiti nake sai na je, mutanen da ba su taɓa zuwa gidanmu hannu sake ba.

Mun isa da hantsi. Bayan an ci abinci mata suka zauna ana kiɗan ƙwarya, ƙawata ta ce ga mai murya nan ta zo da ita daga gari. Suka yi ta matsa mini. Na ce mura nake yi, har da tarin ƙarya. Inna tana zaune a gefe. Can ta yafito ni, ta ce in zo in taya ta juya kifi.

Muka zaga bayan gida inda tandun banda suke. Hayaƙi ya cika wurin. Ta ba ni itace in gyara wuta, ita kuma tana juya kifin da hannu, ba ta ko jin zafi. Ba ta dube ni ba ta ce:

"Ɗiyata, rera mini."

Na ce me zan rera, Inna.

"Wadda kika yi muna. Ga ni, ga banda, ga ƙarnin. Hwaɗa mini a nan in ji."

Na durƙusa. Ta ce tun ranar farko ta sani. Na'ura ta canza murya, amma ba ta canza yadda nake karya kalmar kifi ba, kuma duk Gaya ba mai karya ta haka sai yarinyar da ita da kanta ta yi ta gyara wa. Na ce ban san ma'anar ba. Ta ce ta yarda, shi ya sa ba ta gaya wa mahaifiyata ba. Sannan ta tambaye ni yaushe na sani. Na ce wata biyu ke nan. Ta ce, "To wata biyun nan su ne naki." Ta ce ba ta gaya wa ɗiyarta ba, kuma ba za ta gaya mata ba, ni zan faɗa kafin in bar garin.

Na faɗa wa ƙawata a bakin kogi da la'asar, inda ake ɗaure kwale-kwale. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Har da amin kika ce." Ta juya ta koma gida. Da aka koma lise ta canza benci. Mun shirya daga baya, ta zo bikina na je nata, muna gaisawa a waya har yau. Amma irin hirar da muke yi a kan wanki ba ta dawo ba. Inna ta yafe mini tun a wurin, ta ci gaba da kawo mana kifi har ƙarfinta ya ƙare, sai dai tasha ba ta sake zama ba.

Ba na cikin masu cewa rap duka sharri ne, ina jin wasu har yanzu. Abin da na gane shi ne, zagin da aka ɗora a kan kiɗa mai daɗi ya fi na baki nisan tafiya, kuma mai rerawa ba ya ganin fuskar wadda za a jefa da shi. Ni an kai ni gaban fuskar, na kasa furta ko kalma guda ta amshin.

Na zaci abin ya mutu. Bara na je Gaya ganin iyayena, na hau kabu-kabu daga tasha. Muna cikin tafiya mai mashin ɗin, mutum da furfura a gemu, ya fara fito da amshin nan. Ya waigo ya ce tsohuwar waƙa ce ta zamaninsu, ko wace ce yarinyar nan Allah ya ba ta murya. A gabanmu wata mata ce ke tafiya da daro a kai. Na ce ya sauke ni a nan. Ya ce ai ba mu iso ba, Hajiya. Na ce na sani, na ƙarasa da ƙafa.