Haƙorin Keken Ɗinkina

Jiya na tsaya gaban wani inji a makarantar autata Rabi a Kazaure. Haƙorin roba ya karye a keken ɗinkina, an nema har Babura an rasa, ga ɗinkin Sallah jibge.

Rabi ta zana haƙorin a kwamfuta. Injin ya shiga zuba narkakkiyar roba, layi kan layi.

Na ce, "Ke Auta, ina icen da zai sassaƙa?"

Ta yi dariya. "Inna, ba sassaƙa yake ba, gini yake. Kamar yadda Baba ke ɗora rumbu."

Aka sa sabon haƙorin a keken, ya zauna daram. Yau tun safe nake ɗinki. Ni da na koyi karatu da furfura, na sha fargabar zanen nan da Rabi ke koyo ba sana'a ba ne. Iyaye mata, ku ma kuna irin wannan fargabar?