Da Yaya Ya Bi Ɗan Nonon Inna Zuwa Peru

A gidanmu na unguwar Bani Malik ba a ce wa Balaraben da ya tsaya mana muke zaune a ƙasarsu "kafili" in Inna tana kusa, sai dai a ce "ɗan'uwanku". Lokacin da take goyon Yaya tana wanki a gidan wasu Larabawa, matar gidan ta haihu nono ya ƙi zuwa, Inna ta haɗa yaran biyu ta shayar. Yaron ya girma ya gaji kamfanin ubansa a unguwar masana'antu. Iƙamarmu duka, wato takardar izinin zama, a hannunsa take, Yaya kuma shi ne direbansa. Tun ina ƙarama na lura ɗan'uwa ɗaya ne kullum yake buɗe wa ɗayan ƙofar mota, amma in na faɗa sai Inna ta ce in kama bakina.

Wata rana Yaya ya shigo baki har kunne. Ɗan nonon Inna da abokansa za su ƙasar Peru hawan duwatsu a ƙafa, ta wata tsohuwar hanya da mutanen Inka suka shimfiɗa da dutse. Za a yini ana tafiya, a kwana a masauki, gobe a kama hanyar wani masaukin, har a kai kufan birninsu can sama. Wai ya ce ba ya zuwa sai da "akhuya". Yaya ya maimaita mana wannan "ɗan'uwana" ta Larabci har na gaji da ji. Mutum ya haura arba'in bai taɓa zuwa ko'ina ba sai a bayan sitiyari, dole abin ya shige shi.

Ya sayi takalmin hawan dutse. Kullum bayan asuba sai ya yi ta hawa da sauka a benenmu yana haki, maƙwabta na tsokanarsa wai ko lif, na'urar hawa bene, ce ta yi masa laifi. Hoton kufan ya sa a fuskar wayarsa. Inna kuwa duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "'Ya'yana za su tafi buɗe ido."

Da suka dawo, Yaya ya rame, leɓɓansa sun tsage, faratan ƙafarsa sun yi baƙi. Duk tambayar da muka yi masa amsarsa ɗaya ce, alhamdu lillahi. Na ɗauka gajiya ce.

Ranar Juma'a bayan la'asar ɗan nonon ya zo gaisuwa. Ya sumbaci kan Inna, ya zauna dab da ita ya buɗe waya. Ga gajimare a ƙarƙashin ƙafafunsu, ga masauki mai murhu da gado mai tulin barguna, ga su a bakin tebur suna cin nama. Inna ta yi ta matso da wayar kusa da idonta.

"To ina yayan naka?"

"Ummi, ai shi ke ɗaukar hoton," ya ce, yana dariya.

Daga nan bakinsa ya buɗe, shi a ganinsa yabo yake yi. Alfadarai ke ɗaukar manyan kaya, amma ruwan sha da rigunan sanyi da kwalbar iska ta abokinsa mai ciwon ƙirji duk a bayan Yaya suke. "Wallahi, Ummi, ya fi alfadari. Turawa har tambayata suke a ina na samo shi." Ɗakunan masauki na baƙi ne, don haka aka rubuta Yaya a matsayin hadimi, yana kwana tare da masu alfadarai a wani ɗakin kwano.

Na ji zuciyata tana tafasa. Na dubi Yaya, yana tsaye da butar shayi, idonsa a ƙasa. Na ce, "Kufan fa? Ya ya ka gan shi, Yaya?"

Ɗan nonon ne ya amsa. A ƙofar kufan sai da tikiti, shi kuma bai yanki na Yaya ba, kuma dai ko ba komai sai an samu mai tsaron jakunkuna. "Halas, shi ke nan, 'yar'uwata, duwatsu ne kawai aka jera. Bai rasa komai ba."

Inna ta juyo gare ni. Ta ce, "Miƙo min mayafina." Na miƙa mata. Ta rufe kanta da kafaɗunta, ta ja gefensa ta kare fuska, ta matsa ƙarshen kujera. Matar da ta shayar da yaro ba ta yin lulluɓi a gabansa, sai a gaban baƙo. Ni da Yaya mun gane.

Ɗan nonon kuwa ya dube ta da tausayi ya ce, "Ummi, sanyi kike ji?" Ya ɗaga yatsa ko waiwayowa bai yi ba. "Yalla, akhuya, kashe na'urar sanyin nan."

Yaya ya ajiye butar, ya je ya kashe.