Birkin Motar Ticha

Garejina yana bakin hanyar Malam Madori, gindin bishiyar maina, kuma a zamanin nan na dogon layin fetur babu motar da ke shiga Haɗejiya ban san ciwonta ba. Haka nake taƙama, har ranar da Ticha ya kawo mini tasa.

Ticha malamin sakandare ne, mutumin Filato, Kirista. Shekara goma sha biyar ina gyara masa babur, shi yana koyar da 'ya'yana. Da Sallah a gidana yake cin tuwo, da Kirsimeti matarsa, Madam, ta aiko mana da shinkafa da kaza. Da ritayarsa ta matso sai ya tafi Kano ya dawo da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, ja, ƙofa biyu, cikinta kamar zai shari ƙasa.

Na ce, "Haba Ticha! Da girmanka? Ina za ka sa buhun shinkafa a nan?"

Ya ce, "Injiniya, tun ina yaro na ga irinta a hannun wani Baturen haƙar kuza, na rantse sai na hau. Ka bar ni in cika alkawari."

Saura mako biyu ya tattara ya koma garinsu, ya je Kirikasamma sayen bandar kifi na tsaraba. Damina ce, hanya duk ruwa da taɓo. Wani dutse ya huda masa bututun birki, mai ya tsiyaye. Wani direban a-kori-kura ya tsaya taimako, ya ɗaure wurin da roba, ya kaɗa ruwan sabulu ya ɗura masa a madadin man birki. Haka direbobinmu suke yi in ta ɓaci a daji, ni ma na sha yi. Ticha ya lallaɓo gari, wata fitilar gargaɗi ruwan ɗorawa tana ci a gaban sitiyarinsa.

Mu nan ƙasarmu a shimfiɗe take. Birki ya ƙi, ka rage giya ka shige yashi, magana ta ƙare. Hanyar garin su Ticha kuwa gangare ne, dutse a dama, rami a hagu. Nan zai bi da Madam a gefensa. In birkin bai kama ba, ba sai an faɗa ba.

Na canja bututun. Da na ɗaga murfin injin sai na ga wani akwatin ƙarfe da bututu barkatai da wayoyi, wanda ban taɓa gani a mota ba. Ban yi wata-wata ba na sa sifana na murɗa noti. Fuuu! Mai da kumfa suka wanke mini fuska. Allah ya kiyaye idona.

Ticha ya miƙo mini tsumma, ya ce, "Akwai littafinta a mota, ko in karanto maka?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Littafi ne zai koya mini birki? Kai ka riƙe allinka, ni in riƙe sifanata."

Na zaunar da shi a kujerar direba muka shiga cire iska irin yadda na saba. Ni ina kwance ƙarƙashi, hannuna a kan ɗan notin bayan taya, ina ta ihu: "Buga! Buga! Riƙe!" In kwance noti, mai ya fita, in ɗaure, in ce, "Saki!" Taya huɗu muka bi. Har yau in na rufe ido ina jin muryarsa daga sama yana cewa, "Na riƙe, Injiniya, na riƙe!" kamar ɗan makaranta.

Na fita gwaji ta hanyar fadama. Ina taka birki a kan yashi sai feda ta kama rawa ƙarƙashin ƙafata, gir-gir-gir. Na ce iska ce ta rage. Muka sake. Kashegari muka sake. Kwana uku ina abu guda, fitila na ci, feda na rawa, masu shan shayi a tsallaken titi sun samu abin kallo.

A rana ta uku na jefar da sifana, na ce, "Wannan akwatin shi ne shegen. Bari in tsallake shi in haɗa bututun kai tsaye, in zare ƙwan fitilar, kowa ya huta."

Ticha bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In ka zare ƙwan, ni ne ba zan gani ba. Gangaren fa? Madam ce za ta zauna kusa da ni."

Kunya ta kama ni, wallahi, har cikin ƙashina. Na san ba gyara nake nema ba, hanyar rufa wa kaina asiri nake nema. Na jawo benci, na ce, "Ɗauko littafin."

Yana karantawa da Turanci yana juya mini da Hausa, yatsansa a kan layi. Ashe akwatin yana da famfonsa na lantarki, kuma yana ajiye mai a matse. Kafin a taɓa kowane noti sai an kashe makulli, an yi ta taka birki har feda ta yi tauri. Matsattsen man nan ne ya wanke mini fuska. Tayoyin gaba ana cire musu iska yadda na sani. Na baya kuwa sai an murza makulli, a danna feda a riƙe, famfon da kansa ya turo man, kuma ba a barinsa ya daɗe yana kuka don kada ya ƙone. Duk bugun da na sa bawan Allah ya yi na kwana uku, aikin banza ne.

Muka bi a hankali. Na sa siririn tiyo a noti, ɗaya bakin cikin kwalba. Da fari kumfar sabulu ce ta fito da jan tsatsa, ta fito, ta fito, har sabon mai ya biyo baya garau. A bayan kowace taya kuma akwai wata 'yar na'ura mai jin gudun tayar, duk taɓon Kirikasamma ya toshe su. Na goge su ɗaya bayan ɗaya. Ticha ya murza makulli, fitila ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. Muka dubi juna.

Muka fita gwaji tare. Na taka a kan yashi. Gir-gir-gir! Na ce, "Innalillahi! Yau na ga ta kaina."

Sai na ji Ticha yana dariya har da tari. Ya buɗe wani shafi ya karanto mini. Rawar nan ba iska ba ce, aikin akwatin ke nan: yana kama taya yana saki don kada ta daskare motar ta sulale. Wai in ka ji ta, kada ka ɗaga ƙafa. Ban yarda ba sai da aka yi yayyafi da la'asar, na ajiye tsohon duro a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, na taho da gudu, na danne birki, na murɗa sitiyari. Motar ta kewaye duron ta tsaya cak. Kai, Bature!

Sau biyar na sa Ticha ya maimaita, ina gefensa ina yi masa tsawa: "Danne! Kada ka saki!" Sai da na ga ƙafarsa ta daina tsoro na ce ya isa.

Da na miƙa masa makulli ne na tuna rabuwa ta zo. Duk kwanakin nan hankalina yana kan birki, na manta inda motar za ta kai shi. Suka tafi ranar Asabar da hantsi, kwalin kifi a kan cinyar Madam don babu inda za a sa shi.

Bayan wata guda wani direban motar dankali ya kawo mini wasiƙa. Ɗiyata ta karanta mini. Sun isa lafiya. A gangare na ƙarshe ana ruwa, shanu suka faɗo hanya, ya danne bai saki ba, motar ta tsaya taku kaɗan da saniyar farko. Madam tana gaishe ni, ta ce kullum tana sa ni a addu'a.

Na yi murna, Allah ya sani. Amma Ticha bai sake zuwa Haɗejiya ba, ni ma ban taɓa hawa dutsen nasu ba. Kullum ina cewa sai bayan damina, har aka aiko mini ya rasu.