Mai Dawa Mai Hunhuna

A layin injin niƙa na kasuwar Bukkuyum, wani mutum yana tsugune da biro a aljihun koɗaɗɗiyar riga, yana tsince dawar da ta yi hunhuna. Ina jin binne ta ya yi saboda ɓarayin daji, danshi ya cuce shi.

"Ɗana, wanke ta mana," in ji tsohuwar da ke bayansa.

"Inna, wanki ba ya hidda shi. Abin nan rai gare shi, da zarurruka a cikinsa masu tura shi har cikin ƙwaya. Dahi ne. Shi na karanta a jami'a."

Layi ya zo kansa. Ya miƙa wa mai injin kwanon dawar bai ɗago ido ba.

"Niƙa da laushi. Kunun yara ne."